Layi Ɗaya, Jirgi Biyu

3 ga Fabrairu

Yayana,

Gaisuwa irin ta ƙanwar da ta daɗe ba ta ga yayanta ba. Ina fatan kuna lafiya, kai da Anti da 'yarmu Aku, da fatan gwiwar nan taka ta daina yi maka gardama a matakalar ɗakin sigina. Ni lafiyata ƙalau, ban da gajiyar tsayuwa a ɗakin bincike.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, tunda ko shekaranjiya mun yi waya. Sau uku ina kiranka da niyyar faɗa maka wata magana, sau ukun kana sa ni dariya har mu yi sallama ban faɗa ba. Takarda ba ta katse mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

Kullum tambayarka ita ce, "Wai Auta, shekara huɗu kina leƙen madubin nan mai ƙara girman abu, me ya ɓace miki?" Yau zan ba ka amsa da yaren aikinka. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne suka taru suka yi shi, ido ba ya ganinsu. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai tufka biyu, shi ake kira DNA, a jikinsa aka rubuta yadda za a gina mutum da yadda jikin zai riƙa aiki. Ka ɗauka layin dogo ne guda ɗaya tal, irin wanda ya ratsa tasharku, kuma jirgi iri biyu ke bin sa. Na farko mai karatu ne, kullum yana kan hanya, yana karanta wani yanki yana aika saƙon abin da za a ƙera. Na biyu mai kwafi ne. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, dole a bi layin kaf a kwafe shi, don kowace ta tafi da nata.

Ka fi ni sanin abin da ke faruwa in jirgi biyu suka fuskanci juna a layi ɗaya. To hakan yana faruwa a jikinka da jikina kowace rana, zaren ya cukurkuɗe, wani lokacin ma ya tsinke. Abin da ya sa muke yawonmu lafiya shi ne akwai ma'aikata a ciki. Wasu suna tsara lokaci don kada a yi karo, wasu suna warware ƙulli, wasu kuma su tsayar da komai sai an gama gyara. A cikinsu akwai wani mai gadi, a kansa nake bincike. In mai kwafi ya tsaya cak a tsakiyar hanya, sabon zaren da ya fara yana nan a buɗe, mai gadin ne ke rufe shi kada ya lalace. In kuma layin ya tsinke, shi ke kawo masu gyara su dubi ɗayan kwafin su ɗinke shi yadda yake.

Ga maganar da na kasa faɗa a waya. A wasu gidaje ana haihuwar mutane da wannan mai gadin a raunane, kuma matan gidan sukan kamu da ciwon daji tun da sauran ƙuruciyarsu. Ina karanta tarihin irin waɗannan gidajen, sai na ji kamar labarin gidanmu ake ba ni. Inna tana da shekara arba'in da shida ta rasu. Ƙanwarta, Inna Ƙarama, ko arba'in ba ta cika ba. Na kai jinina aka gwada. Ina ɗauke da shi, Yaya, kuma alamu duk sun nuna ta wajen Inna ya zo.

Ba ni da ciwo, kada ka tayar da hankalinka. Roƙona ɗaya ne, ka je kai ma a gwada ka, domin namiji yana ɗauka, yana kuma ba 'ya'yansa. Na haɗo da takardar da za ka nuna wa likita a babban asibiti. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san sauran, balle kai da gemun naka ya kai ƙirji.

Ƙanwarka,
Auta


19 ga Fabrairu

Auta,

Takardarki ta iso ranar Laraba a jirgin ƙarfe goma, wanda ya zo ƙarfe ɗaya. Muna lafiya. Ni da gwiwa mun yi sulhu, ba na gudu, ba ta kuka. Antinki tana gaishe ki. Aku ta fara koyarwar gwaji a makarantar bayan kasuwa, yara sun gano abin da muka daɗe da sani, wato bakinta ba shi da birki.

Karatun jirgi na ji daɗinsa, har na karanta wa Mai Guduma, abokin aikina da ke bin layi da ƙafa kowace safiya yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Ya ce a gaya miki in da gaske jikin mutum yana da ma'aikata haka, to nasa sun daɗe da shiga yajin aiki. Amma ki sani, a wurinmu jirgi biyu ba sa shiga layi ɗaya. Tsakanin tashata da ta gaba akwai sandar ƙarfe guda ɗaya, direban da ba ta hannunsa ba ya motsawa ko da shugaban kamfani ne ya ce ya tafi. Ki turo ƙwayoyin naki mu koya musu aiki.

Wasa ya ƙare nan. Shafi na biyu sau ɗaya na karanta, na ninke, ban sake buɗewa ba. "Ta wajen Inna ya zo." Da hannunki kika rubuta wannan, Auta? Shekararki tara a lokacin, ba ki ga abin da na gani ba. Ni na riƙa goya ta daga ɗaki zuwa bakin titi duk ranar asibiti, tana ba ni haƙuri a kunne wai ta yi min nauyi, alhali ba ta fi buhun auduga ba. Matar da ta hana cikinta ta ba mu, yau shekara ashirin da biyu da rasuwarta, sai mu tashi mu ce cuta ta bar mana gado? Raina ya ɓaci, gara in faɗa miki da in ɓoye.

Ban da wannan ma, kin manta yadda mutane suke. Ranar da aka ji magidanci ya je gwajin DNA, kafin ya fito daga asibiti an gama raba masa gida da baki, an ce yana shakkar 'yarsa. Da wane ido zan kalli Antinki?

Ciwo da lafiya na Allah ne. Ke kin ce lafiyarki ƙalau, ni ma lafiyata ƙalau, Aku kuwa ta fi mu duka. Abin da ban sani ba bai taɓa hana ni cin abinci ba. Ki ci gaba da karatunki, Allah Ya ba da sa'a, amma wannan maganar a rufe ta.

Yayanki


8 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ku da kyau. Ka ce wa Mai Guduma ma'aikatansa suna nan bakin aiki, in ba haka ba da tuni ba shi ba ƙwanƙwasa ƙarfe. Ka ce wa Aku ta riƙa barin yaran suna numfashi tsakanin tambaya da tambaya.

Na yi kuka da na karanta takardarka, saboda ka ga zargi a inda ban sa shi ba. Wallahi ban ɗora wa Inna laifi ba. Ita ma ba ta zaɓa ba, daga uwa ko uba ta karɓa, kamar yadda ta karɓi wushiryar da ta ba ka. Kuma ka daina cewa ban ga komai ba. Na tuna yadda take taje min kai da hannun hagu bayan na dama ya kumbura, tana yi tana hutawa, ni kuma ina mata ƙorafin ta cika jinkiri. Har yau in na tuna ƙorafin nan sai in ji kunyar kaina.

Bari in sake gwadawa, a hankali. Kowane mutum da mai gadi biyu ake haifarsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Inna tana da ɗaya lafiyayye, ɗaya mai rauni, kuma kowane ɗa da ta haifa ɗaya daga cikinsu ya samu, rabi da rabi, ba wanda ya zaɓa. Ni mai raunin ya zo min. Na wajen Baba lafiyayye ne, shi kaɗai ke tsaron layina yanzu, kuma yana yi da kyau. Sai dai ana kwafi a jikin mutum sau da yawan da ba ya ƙirguwa, shekara da shekaru. In wata rana, a ƙwaya ɗaya kawai, wannan na Baban ma ya samu matsala, ita ƙwayar ta zama layi babu mai gadi. Karo zai faru, a ɗinke a karkace, a kwafi karkataccen, kuskure ya hau kan kuskure. Daga nan ciwon ke farawa. Ba dole ba ne ya faru, wasu suna tsufa lafiya lau, amma haɗarin ya ninka na sauran mata sau da yawa.

Sandarku ta ƙarfe ta burge ni. Ƙwaya dai ba ta da wannan gatan, domin ba za ta daina karatu gaba ɗaya don ana kwafi ba, aikin jiki ba ya jira. Tana ƙoƙarin raba musu lokaci, amma karo ba ya ƙarewa, shi ya sa rayuwarta ta rataya a kan masu gadi da masu gyara.

Yanzu maganar Aku, tunda ita ce gaskiyar abin da ya sa na rubuto. In ba ka ɗauke da shi, ba ta yadda za ta samu daga wajenmu, magana ta mutu, ba sai ta ma ji ba. In kana ɗauke da shi, to ita ma rabi da rabi ce, kuma ya kamata nan da 'yan shekaru ta fara zuwa ana duba ta kowace shekara, yadda ni zan fara a watan gobe. Ciwon nan in an kama shi yana ƙarami ana cin ƙarfinsa. Inna sai da ya cika mata ƙirji aka gane, don ba wanda ya san a duba. Ita ba ta samu wanda zai gaya mata ba. Aku tana da mu.

Maganar bakin mutane kuwa, ka zauna da Anti ka karanta mata takardar nan. Na san ta, ta fi ka ƙarfin hali, kai ma ka sani.

Auta


21 ga Maris

Auta,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya.

Na karanta. Na yarda ba ki zagi Inna ba, ki yafe min wannan. Amma amsata tana nan. Kina so in kalli yarinya 'yar shekara ashirin, tana tsalle tana shirin fara aikinta, in ce mata ta fara jiran ciwo? In takardar ta fito da mummunan labari, ni ne na ba ta ke nan, da jinina. Ba zan iya ɗaukar wannan ba, ban ji kunyar faɗa ba.

Kada ki kira ta ki gaya mata. Wannan ba roƙo ba ne, umarnin yaya ne.

Yayanki


2 ga Yuli

Auta,

Sallama da gaisuwa, in har yanzu ana amsa gaisuwata a can. Muna lafiya. Ruwan sama ya cinye gefen layi wajen gada, mun yi kwana huɗu jirage suna rarrafe. Aku ta gama koyarwar gwaji, shugabar makarantar ta ce za ta riƙe ta.

Wata uku da kwanaki ke nan babu takardarki. In na kira ba ki ɗauka, sai saƙo mai kalma uku, "Ina aiki, Yaya." Na san wannan fushin, tun kina ƙarama haka kike, ki kumbura ki juya wa mutum ƙeya har sai ya zo da kansa. To na zo. Amma ba fushinki ya kawo ni ba, kada ki yi alfahari. Bari ki ji abin da ya faru.

Ranar Litinin ta makon jiya, da tsakar rana, jirgin fasinja ya taho daga gabas. Fitilar siginar da ke nesa da tasha ta mutu, ba ja, ba kore. Direban wani dattijo ne da muke kira Alhaji Birki. Sanda tana hannunsa, layi fayau, yana hango tasha da idonsa babu ko akuya a kai. Ya tsaya. Wayar tasha ta ƙi shiga, sai da na sauko na taka da wannan gwiwar har wurinsa da tuta. Kafin in isa an kwashe minti arba'in, fasinjoji sun leƙo ta taga suna zaginsa, wata mata tana cewa in ba zai iya tuƙi ba ya ba ta wurin. Shi kuwa ya jingina yana fifita da hularsa.

Na ce, "Alhaji, ai hanya a buɗe take."

Ya ce, "Kai ka sani, ni ban sani ba. Fitilar da ba ta ce komai ba, ja ce. Ko an canza dokar ban ji ba?"

Ba a canza ba. Ita ce dokar farko da ake koya wa duk wanda ya shigo aikin nan, ni kaina na koya wa mutum ya fi talatin. In sigina ta yi shiru ba a cewa wataƙila lafiya, tsayawa ake yi a je a duba. Na ɗaga masa tuta ya wuce, na rubuta a littafin tasha cewa direba ya yi daidai.

Da yamma na koma gida na tarar da Aku tana shanya a tsakar gida, ta ɗaga hannu tana maƙala zani a igiya, tana ba uwarta labarin wani yaro da ya cinye allinta. Tsayuwar nan tata, da yadda take karkata kai, Inna ce sak. Na tsaya a ƙofa da takalmi a ƙafa na kasa shiga. Shekara ashirin da biyu ban taɓa barin taragon siminti ya wuce fitila matacciya ba, amma ga 'yata, wata biyar ina ɗaga mata tuta ina cewa wuce, hanya lafiya, alhali ban sani ba. Ba ita nake karewa ba, Auta, kaina nake karewa.

Na karanta wa Antinki takardunki biyu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato tun watan Fabrairu kake kwana da wannan a aljihu? Ni kake tsoro ko takardar?" Washegari ita ta riga ni shiryawa. A asibiti, kafin ma'aikaciyar ta buɗe baki, Antinki ta ce da ƙarfi yadda duk layin zai ji, "Gwajin ciwon gado muka zo, 'yar kuwa tasa ce, ku dubi hancinta." Har masu jiran allura sai da suka yi dariya.

An ɗebi jini. Sun ce sai an aika wani wuri, sati takwas ko tara. Aku ba ta sani ba tukuna. Yanzu sai ki sauke fushin ki rubuto.

Yayanki


20 ga Yuli

Yayana,

Na amsa gaisuwarka, na kuma amsa ta Anti, Allah Ya bar mana ita. Na karanta takardarka sau huɗu, na yi dariyar hancin Aku har ɗinkina ya yi zafi.

E, ɗinki. Ba fushi nake ba, Yaya. A dubawar farko da na je a watan Afrilu aka ga wani abu a mamana na hagu, bai kai ƙwayar wake ba, hannu ma ba ya jin sa. Aka ɗebi kaɗan aka gwada, shi ne. An yi min aiki a watan Mayu, an cire shi tun bai je ko'ina ba. Likitata ta ce da sai na ji shi da hannuna zan zo, da labarin ya bambanta. Yanzu ina karɓar magani duk bayan sati uku, gashina ya zube, na koma mai sanƙo kamar kai.

Na san za ka ce don me ban faɗa ba. Dalili biyu ne. Ban so in ɗauki ciwona in buga maka a kai don ka je gwaji, na fi son ka je da ƙafarka. Na biyu kuma, ka rubuta min yadda kake goya Inna zuwa bakin titi. Na kasa zama mace ta biyu da za ka goya. In na ɗauki waya muryata za ta tona ni, shi ya sa na ɓuya a bayan kalma uku. Na yi kuskure, ka yafe min. Abokan aikina sun tsaya min, wata 'yar ɗakinmu ce ke kai ni tana dawo da ni, amma ranar da aka tura ni ɗakin tiyata aka tambaye ni wa za a kira, sai na ji duniya ta yi min faɗi.

Bari in gaya maka abin da ke ba ni ƙarfi, ko da za ka ce Auta ba ta rabuwa da karatu ko a gadon asibiti. Maganin da ake ba ni da gangan yake tare layi, ya sa mai kwafi ya yi ta tsayawa. Ƙwayoyina masu lafiya suna da mai gadin Baba, sai su gyara su wuce, ko da da wahala. Ƙwayoyin ciwon kuwa sun rasa duka biyun, ba mai rufe musu, ba mai ɗinke musu, sai layinsu ya kakkarye su mutu. Shekara huɗu ina kallon wannan a faranti a ƙarƙashin madubi, yanzu ina zaune a kujera ana yi a jikina. Wani lokacin tsoro nake ji, wani lokacin mamaki, yawanci dai amai.

Duk abin da takardarka ta ce, ka gaya min a ranar. Kada ka yi irin nawa.

Ƙanwarka mai sanƙo,
Auta


24 ga Agusta

Auta,

Ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Na kira ki jiya kamar yadda kika ce, na faɗa miki kalma ɗaya kika yi ihu, sai na ce jirgi ya shigo na kashe. Babu jirgin da ya shigo. Ni ma yanzu na gane amfanin takarda.

Ga yadda aka yi. Likitan ya zaunar da mu, ya juyo da takardar ya ce, "Malam, ba ka ɗauke da shi. 'Yarka ba ta da abin tsoro ta wannan hanyar." Antinki ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala. Ni ma na yi, har cikin raina na yi, wani dutse ya sauka daga ƙirjina wanda ban san girmansa ba sai da ya sauka. Mun gaya wa Aku komai da yamma, nata da naki. Karon farko a rayuwarta ta saurari magana har ƙarshe ba ta katse ba, sannan ta tambaya ko gashinki zai dawo.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da muka fito daga wurin likita, Antinki ta tafi neman mota, na zauna a benci a bakin ƙofa, sai na nemi farin cikin na rasa. Ashe duk makonnin nan, ban sani ba, wani ɓangare na zuciyata ya riga ya shirya. Na ɗauka za a ce ina da shi, in rubuto miki in ce to Auta, ga mu mu biyu, kowa ya riƙe ɗan'uwansa. Sai aka ce min in tafi gida, ba ruwana. Ciki ɗaya muka fito, rabi da rabi kika ce, ni na zo farko na ɗauki mai kyau na bar miki ɗayan. Na san za ki ce ba wanda ya zaɓa, na karanta, na gane. Ganewar ba ta hana ni kuka a bencin nan ba, gaban mai sayar da katin waya.

Kuma ina nan ina lissafin kwanakin fushinki, ina shirya irin gorin da zan yi miki, ashe a lokacin ana tambayarki wa za a kira. Wannan zai daɗe bai bar ni ba.

Kin ce ba ki so ki zama mace ta biyu da zan goya. Wa ya gaya miki goyon Inna nauyi ne a wurina? Duk abin da na yi a duniya, ba wanda nake tunawa in ji na yi wani abu kamar wannan tafiyar daga ɗaki zuwa titi. Ba ki da ikon hana ni naki.

Na nemi hutu, karon farko da na nema da bakina, har shugaban tasha ya tambaya ko lafiya. An ba ni sati biyar daga ranar goma ga wata mai kamawa, ya kama maganinki biyu na ƙarshe. Aku ta cika min jaka da ɗankwali kala-kala, ta ce ki zaɓa. 'Yar ɗakinku ta huta, ki yi mata godiya kafin in zo in yi da kaina.

Ki rubuto min sunan tashar da zan sauka da lambar gidan. Kada ki ce za ki zo tarbata. Ki zauna inda kike, ni zan nemo ƙofar.

Yayanki